Mai Farin Mayafi a Gindin Gawo

Dogo-Dogo, farkon damina

Zuwa ga jikata Rukaiya, a Yamai.

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki na wurin rini. In kin yi talho da kakarki Rabi'atu, ki ce mata wanta yana gaishe ta, kuma har yau yana jiran man shanun da ta yi masa alkawari tun bara. Ni dai alhamdu lillahi. Ƙafafu sun yi nauyi, tarin safe yana nan, amma ina fitowa ƙofar gida da kaina.

Kada ki yi dariyar rubutun nan da ya yi manya-manya kamar sawun raƙumi. Da rana tsaka nake yin sa, takarda dab da hanci.

Sadisu direba ya kawo mini saƙonki, cewa kin sa an rubuta sunana cikin waɗanda likitocin ido za su yi wa aiki a Magarya bayan girbi. Majo, malamin asibiti na dispansarmu, ma ya duba ni, ya ce yanar ido ce ta rufe idanun biyu, na dama ya fi. Na gode da kulawa, Allah ya yi miki albarka. Amma ina roƙonki ki sa a cire sunan.

Bari in gaya miki abin da nake gani yanzu. Shamuwa ta iso ran Juma'a. Fukafukanta na fara ji, sannan na ɗaga kai na ga baƙaƙen layuka suna sauka kan kukar masallaci, kamar tawada tana bin allo. Da safe garken Yero yana wucewa ta gabana. Ba na ganin ƙafafunsu. Ƙahoni kawai nake gani suna tafe a hankali, kamar busassun rassa a kan ruwa, ƙarƙashinsu kuma wani ja-ja mai numfashi. Balbelu na biye da su kamar auduga da iska ta kwasa daga tabarma.

Shekarun da na yi a sarwis na dabbobi, aikin gwamnati na kula da lafiyarsu, ina bin garke da allura daga Dungas har Tanut, na zana shanu da yawa a bayan takardun aiki. Duk zanen ma'aikaci ne. Ga kaska, ga ƙafar da ke ɗingishi, ga haƙarƙarin da ya fito. Ko ina zane, cuta nake nema a jikin dabba. Sai yanzu da ido ya yi hazo na fara ganin saniya ita kanta.

Na koma zane, bayan na daɗe da ajiye shi. Alhassan tela yana tara mini takardar buhun siminti. Ƙaho da gawayin aduwa nake yi, don yana da tauri. Jiki kuwa da gawayin kara, in murza da babban yatsa, in ƙara jar ƙasa kaɗan. In na gama sai in yayyafa ruwan ƙaro da tsintsiya don kada ya goge. Ga ɗaya nan na naɗe miki cikin tsumma. Ki duba, ki faɗa mini gaskiya, tun da ke ce mai sana'ar yanzu.

Kakanki,
Gidaɗo


Yamai, ranar Lahadi

Zuwa ga angona tsoho, Kaka Gidaɗo.

Ina gaishe ka da kyau, ina gaida ƙafafun da tarin. Ni lafiya lau, sai zafi da sauro. Inna Rabi'atu ta ce man shanun yana nan, wai ka zo ka ɗauka da kanka in ka cika namiji.

Kaka, ashe haka kake? Mutumin da ya kayar da bijimai ya soka musu allura, shi ne yau yake gudun 'yar wuƙar likita? In labarin nan ya fita ni kam na fasa auren. Na tambaya da kyau. Ba a sa mutum barci, ba a jin zafi, kafin a dafa shayi an gama. Wata tsohuwa a unguwarmu an yi mata, yanzu ita ke sa wa jikokinta zare a allura. Sunanka yana nan, ban cire ba.

Zanenka kuwa na kafe shi a bangon atiliye, ɗakin aikinmu, saman tukwanen rini. Wata mata ta zo karɓar yadinta, ta tsaya gaban zanen naka har ta manta abin da ya kawo ta. Ta yaya ka sa saniya tafiya ba ƙafa?

Ni nawa aikin ya tsaya cik. Mai atiliye yana son sabon ado da za mu zuba da kaki a kan yadi kafin rini, ya ce ya gaji da tauraro da ganye. Na hau kar, motar fasinja, na tafi Kure don in ga raƙuman dawa. Na gan su kuwa, suna cin ganye a saman itace, na cika talho da hotuna. Da na dawo na zauna zane, duk suka fito kamar na littafin lakwal, makarantar boko, a tsaye ƙiƙam, ba rai. Na yaga takarda har na ji kunyar mai shara.

Ka ci abinci. Kada ka yi ta zama a rana.

Amaryarka,
Rukaiya


Dogo-Dogo, tsakiyar damina

Rukaiya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ruwa ya sauka sosai, gero ya kai ƙugu, bangon ɗakina na gabas ya ɗan zube amma Yero ya tokare shi da itace. Jiki da sauƙi.

A guje kika karanta takardata. Ba wuƙa nake tsoro ba. Bijimi ya taɓa karya mini haƙarƙari a Bande, na hau doki na koma gida ban faɗa wa kowa ba.

Bari in fara da raƙumanki. Laifin talho ne. Shi ya kalla, ke kina riƙe da shi. In kin koma, ki bar shi cikin jaka. Ki zauna nesa, ki duba har idonki ya kawo ruwa. Ki koma gida kada ki taɓa takarda, ki kwana. Abin da ya saura a ranki da safe, shi za ki zana. Wata shekara, arewa da Tanut, na ga jiminai da rana tsaka suna gudu cikin kawalwalniya. Ƙasa ta zama ruwa, su kuma suna tafe a sama da ita, wuyansu kaɗai ke motsi. Direbanmu ya ce bai ga komi ba sai rairayi. Har yau in na rufe ido suna nan suna gudu, ba su kai inda za su ba.

Yanzu ga dalilina. Ban faɗa wa kowa ba, kuma ki riƙe shi.

Kin san gawon da ke hanyar rijiya, daura da ƙofata. Tun bayan rasuwar matata Saratu gidan nan ba mai motsi sai ni da ƙadangaru. Allah bai bar mana 'ya'ya ba, kin sani. To, kowace safiya, in na idar da salla gari ya fara haske, na fito da tabarmata, sai in ga mace tsaye a gindin gawon nan, da farin mayafi, ta ɗan karkata kai hagu. Haka Saratu ke tsayawa in tana jiran in gama surutu da mutane mu tafi. Ba ta matsowa, ba ta magana. In na yi tarina na zauna, sai farin ya juya a hankali, ya bi hanyar rijiya, ya narke.

Na yi karatun allo kafin na lakwal. Na san wanda ya tafi ba ya komowa. Ina jin hasken safiya ne ke faɗawa kan jikin gawon, tun da da damina ba shi da ganye, farin jikinsa a fili yake. Ban taɓa tashi na je ba, ban taɓa kira ba. In na tambayi mutane, wasu za su ce tsufa ya taɓa kan Gidaɗo, wasu su kawo mini hayaƙin aljanu.

Amma saboda ita nake tashi. Saboda ita nake wanke fuska in sa hula. In ta wuce sai in ji hannuna yana son gawayi. In likita ya share mini ido, zan fito da safe in ga kututture da bawo. Me zan yi da wannan ganin, jikata? Na ga duniya tsaf shekara da shekaru. Ki bar ni da hazona.

Kakanki,
Gidaɗo


Yamai, ƙarshen damina

Kaka,

Ina gaisuwa. Wannan ce takarda ta uku da na aiko ba amsa. Na kira lambar Sadisu, ya ce ya daɗe bai bi ta Dogo-Dogo ba don hanya ta yanke, a tasha yake ba masu moto, 'yan babur, saƙon. Majo kuma talhonsa ba ya shiga. Ba na iya cin abinci. In fushi kake da ni saboda maganar wuƙa, ka yi haƙuri, ban gane ba ne. Da na karanta takardarka ta biyu na daɗe zaune bayan tukwane, ban bar kowa ya ga fuskata ba.

Zan sake faɗin abin da na rubuta a waɗancan, ko ba su iso ba. Na tambayi likita. Ya ce yanar ido ba ta tsayawa inda take. Bana ta ci ƙafafun shanu, baɗi za ta ci ƙahonin. Wata safiya za ka fito, ba gawo, ba mayafi. Hazon da ya kawo maka Inna Saratu shi ne zai ɗauke ta, ya haɗa da gawayin hannunka. Ban cire sunan ba, amma ba zan sa a ɗauke ka da ƙarfi ba. Kai za ka ce.

Na koma Kure, talho cikin jaka. Na kwana ban zana ba. Da safe abin da ya saura wuyoyi ne kawai, dogaye, suna karkata gefe guda kamar gero cikin iska. Su na zuba da kaki. Mai atiliye ya juya yadin sama da ƙasa, ya ce a rina goma.

Don Allah ko layi ɗaya ne ka aiko.

Rukaiya


Dogo-Dogo, an fara yankan gero

Rukaiya,

Ina gaishe ki. Kwantar da hankalinki, ina raye. Wannan rubutun Alhassan tela ne, ni ke faɗa yana rubutawa a kan teburin kekensa, don haka in kin ga kuskure nasa ne.

Ba fushi na yi ba. Wata asuba na ji kukan gauraka daga wajen tafki. Rabona da su tun Saratu na da rai. Ban jira gari ya waye sosai ba, na ɗauki sanda da gawayi na bi kukan. Na gan su kuwa, ko in ce na ga wasu tsayayyun inuwoyi masu hular zinariya suna rawa a kan hasken ruwa. Ina kallonsu na taka abin da na zaci ciyawa ce, ashe ramin da aka ɗebi ƙasar gini ne, ruwa ya cika shi. Na daɗe a ciki, laka har ƙirji, ina riƙe da saiwa. Yero ne ya zo ya ciro ni. Zazzaɓi ya kwantar da ni har gero ya nuna. Kullum da safe nakan tarar da kunu a ƙwarya a bakin ƙofa, an rufe da faifai. Matar Yero ce, ina ji. Allah ya saka mata.

Takardunki uku sun iso tare. Na kai su rana, na juya, na kasa karanta ko sunana. Dole na ba Alhassan ya karanta mini, don haka asirin da na ce ki riƙe, ni na fasa shi da kaina. Da ya kai wurin mayafin sai ya tsaya da karatu. Na ji ya ja numfashi zai yi magana, ya fasa. Can ya ce, "Baba, a yi aikin nan." Na ce ɗinki aka ba ka ko shawara? Yanzu ma ga shi yana murmushi, ina jin sa a muryarsa.

Gaskiyarki. Ran da na fara fitowa bayan ciwon, na duba gindin gawo. Tana nan, amma kamar tururin kunu. Karkatar kan ma ban gani ba. Na ja layi a takarda na nemi inda na faro shi na rasa.

Ki zo ki kai ni Magarya. Amma ido ɗaya, na dama. Majo ya ce da ma ɗaya-ɗaya ake yi. Kafin nan zan fito kowace safiya in dube ta iyakar iyawata, yadda na ce ki yi da raƙumanki, don in sami abin da zai saura.

Kakanki,
Gidaɗo


Dogo-Dogo, farkon sanyi

Zuwa ga amaryata Rukaiya.

Bayan gaisuwa, ina fatan kin koma Yamai lafiya, kuma mai atiliye bai yi miki faɗan kwanakin da kika yi wurina a Magarya ba. Kin ga rubutu ya koma ƙanana. Ina ɗiga maganin yadda kika nuna mini, ina sa baƙin tabarau in rana ta yi. Sadisu ya kawo ni har ƙofa.

Ranar da na iso ban ji daɗi ba. Na ga tsagar bango, na ga yanar gizo a kan randa, na ga hannuwana. Ban san sun tsufa haka ba. Garken Yero ya dawo da yamma, ga ƙafafu sun komo, kuma nan take na hango kaska a kunnen wata karsana. Zanen da na yi da damina na baza su a tabarma. Wasu sun fi yadda na zata, wasu kuwa ashe a kan sunan siminti na yi su.

Washegari na idar da salla na zauna cikin ɗaki, na ƙi fita. Har na ce yau ba zan duba ba. Sai na ga in ban duba yau ba gobe ma tana nan tana jirana. Na sa hula, na ɗauki tabarma.

Gawon ya fitar da ganye, kore shar, kin san shi sai rani yake ado. A gindinsa kuwa ba kututture ba ne. Mace ce tsaye, da farin mayafi, da tulu a ƙasa kusa da ƙafarta, ta karkata kai hagu. Ƙande ce, aminiyar Saratu, wadda gidanta ke bayan masallaci, mijinta ya rasu tun kina goye. Mayafin na Saratu ne, ita aka ba da aka raba kayanta. Kan da take karkatawa, kunnenta na dama take miƙowa, don na hagun ya mutu.

Na riƙe tarin, ban yi ba. Ta tsaya. Ta ƙara karkata kai. Sai na ce, "Ƙande, ina kwana?"

Ta yi baya har ta kusa ture tulun. Ta ce, "A'a. Yau bebe ya yi magana?"

Na ce, "Me kike yi a nan kullum?"

Ta ce, "Tarinka nake jira. Aminiyata kafin ta cika ta ce mini, mutumin nan ba ya faɗin ciwo, ko zai mutu sai ya ce da sauƙi, ki riƙa saurara mini tarinsa. In na ji, in wuce rijiya. Ran da ban ji ba, wa kake zaton ya tura Yero neman ka?"

Na ce, "Kunun fa?"

Ta ce, "Ka dawo mini da faifaina, guda biyu suna wurinka."

Na ce to me ya hana ta sallama duk tsawon lokacin nan. Ta ce, "Kai ka taɓa yi? Kullum ka fito ka zuba mini ido kamar mai taya saniya a kasuwa, ko uffan. Na ce girman kan ma'aikatan gwamnati ne, bai sake ka ba har yau."

Na ga ba amfanin ɓoyewa, na faɗa mata wadda nake zaton ina gani. Ta kama bakin mayafin tana murzawa. Can ta share ido da shi ta ce, "Allah ya jiƙanta. Amma ni na fi ta tsawo." Ta ɗauki tulunta ta tafi. Da ta dawo daga rijiya ta tsaya, ta zuba mini ruwa a randa, ta ce randar ta yi datti kamar ta gwauro. Na ce ai ta gwauron ce.

Alhassan ya ce duk unguwa an san Ƙande na tsayawa nan, ni kaɗai ne ban sani ba. Ya ce ya so ya faɗa mini ran nan, sai ya ga gara in gani da idona.

Majo ya ce baɗi za a yi na hagun. Kada ki rubuta sunana tukuna. Yanzu in na fito da safe nakan rufe na dama da tafin hannu. Fari yana nan a gindin gawo, da ƙyar, kamar tururi. In yi wa Saratu addu'a. Sannan in sauke hannu in gaida Ƙande da ƙarfi, ta wajen kunnen da ke ji. Na san hagun zai rufe wata rana. In ya rufe sai mu yi magana.

Ga zane nan cikin tsumma. Wannan na Ƙande ne, yana da ƙafafu, har da faso a diddige. Mai shi ta gani, ta ce na ƙara mata hanci, kuma in na kuskura na aika shi Yamai ba ni ba kunu. Saboda haka kada ki kafe shi inda 'yan Dogo-Dogo ke shiga.

Abu na ƙarshe. Da sabon idon na ga mayafin ya mutu, duk ƙananan huji ne, gefe ya zare. Sanyi kuma ya shigo, tana tsayawa cikinsa saboda ni. Ki rina mata yadi ɗaya mai kauri, mai wuyoyin raƙuman nan naki, ki ba Sadisu. Sai dai kada ki cika masa shuni. Ki bar fari da yawa.

Kakanki,
Gidaɗo